Ranar da Baba Ya Dafa Keken Alhaji

Babana ya yi shekara talatin da biyar yana gyaran kan jirgin ƙasa a loko, wato ma'aikatar gyaran jirage ta Kafanchan, kuma tun da ya ajiye aiki bai bar mu mun manta da haka ba ko da na wuni ɗaya. In ƙyauren ɗaki ya yi ƙara, sai mun saurari yadda ake shafa wa jirgi giris. In Mama ta sayo cokali, sai ya karɓa ya ƙwanƙwasa a haƙori, ya faɗa mata irin ƙarfen da aka yi shi da shi, ita kuwa baiwar Allah don shan kunu ta saya. Abu biyu ne ba a musu da su a gidanmu, Littafi Mai Tsarki da ra'ayin Baba a kan ƙarfe, kuma na farkon ma akan ɗan tattauna shi a coci ranar Laraba. Ni ce 'yarsa ta biyu, malamar firamare, ni kaɗai ce cikin 'ya'yansa na rage a gari. Don haka duk aikin da ya faɗo masa a ka, ni ce leburarsa.

Mutum ɗaya na taɓa gani yana yi wa Baba dariya a kan ƙarfe ya kwana lafiya, shi ne Alhaji, maƙwabcinmu na bayan katanga. Alhaji citta yake saye, kakanninsa ma a kasuwar garin nan suka tsufa. Baba yana da 'yar gonar citta a ƙauyenmu, shi yake kai wa. Abotarsu babu kalmar kirki ko ɗaya a cikinta. Baba na kiransa ɓarawon sikeli, shi yana kiran Baba injiniyan gwangwani. In suka haɗu da safe a benci ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, baƙo sai ya ɗauka yanzu za a nemo 'yan sanda. Alhaji ya ce cittar Baba rabinta ƙasa ce, Baba ya ce sikelin Alhaji ko a mafarki bai taɓa faɗin gaskiya ba. Amma duk Kirsimeti Alhaji ne ke shigowa da wuƙarsa ya yanka mana akuya don shi ma ya samu ya ci, kuma yana ci yana cewa akuyar ta fi mai ita hankali.

Alhaji yana da wani keke da ya saya a wurin masu gwanjon kayan Turai. Baƙi ne ƙirin, ba shi da nauyi, da yatsa biyu ake ɗaga shi. Wuyan da ke riƙe da kansa, da hannuwan birki, da ƙafafun feda, da sandar sirdi, duk an yi musu ruwan silba, in rana ta haska su sai ka kare ido. Da shi yake zuwa kasuwa, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, yana kaɗa ƙararrawa ko babu kowa a hanya. Baba ya ce wannan abin wasan yara ne, keken kirki sai mutum biyu sun ɗaga shi.

Shekarar da gari ya rikice ba zan tsaya ba da labarinta ba, kowa a nan yana da nasa. Abin da ya shafe mu shi ne Alhaji ya kwashe iyalinsa ya koma Zariya. Ranar tafiya mota ta cika maƙil, babu wurin keke. Ya turo shi cikin gidanmu, ya jingina a bango, ya ce Baba ya riƙe masa, zai dawo ya karɓa. Baba ya ce to. Suka yi musabaha kamar waɗanda suka haɗu a banki, motar ta tashi.

Aka shekara goma sha biyu. Suna waya sau biyu a shekara, Sallah da Kirsimeti, kuma ina jin abin da ake faɗa. Ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa a wajenku, a gaida mutanen gida, madalla. Ko ni da sufeton makarantu mun fi haka sakin jiki. In Baba ya kashe wayar sai ya zauna yana kallonta, can kuma ya tashi ya nemi wanda zai yi wa faɗa, yawanci ni. Duk gidan mun san abin da ke cinsa. Bai sani ba ko har yanzu yana da aboki a Zariya, ko kuwa wani mutum ne kawai da ya riƙe lambarsa don kunya.

Wata Talata da damina Alhaji ya kira, ba Sallah ba Kirsimeti. Zai zo ɗaurin auren 'yar ƙaninsa ranar Asabar ta sama, zai biyo ya gaishe mu, ya kuma karɓi ajiyarsa. Kafin in cire takalmin makaranta Baba ya riga ya nemo makullin sito.

Keken na nan inda aka sa shi, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Sai dai babban masanin ƙarfen Kudancin Kaduna ya jingina shi ne a jikin buhunan takin zamani, a ƙarƙashin kwanon da ke yoyo tun ina sakandare. Baƙin fentin bai yi komai ba. Tayoyi sun sace, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma duk inda ke da ruwan silba ya kumbura ya tsattsage, yana ɓarewa kamar ɓawon kifi, a ƙarƙashinsa wani farin gari. Na shafa da yatsa, ya yanke ni.

Na ce wa Baba a wanke shi, a sa iska, a faɗa wa Alhaji gaskiya. Shekara goma sha biyu fa, ko mutum aka ajiye a sito ai ya ɓare. Ya kalle ni kamar na zagi mai bishara a kan bagade. A wurinmu ba a mayar da abin mutum a lalace. Ko tukunya ka ara don biki, sai ka goge ta da toka ta fi yadda ta zo, ka sa 'yar gyaɗa ko acca a ciki kafin ka kai. Wannan kuwa ba aro ba ne, ajiya ce, kuma a ranar da aka ba da ita mutane ba sa yarda da inuwarsu ma. Na ci gaba da musu, don ni ma jininsa ce, har ya rage murya ya faɗi abin da ya rufe min baki.

"In ya gan shi haka, zai ce haka na riƙe shi a zuciya."

Daga nan aka shiga aiki. Dabarar Baba ita ce a cire ruwan silbar gaba ɗaya, a goge ƙarfen da ke ƙasa har ya yi ƙyalli, Alhaji ya zo ya tarar da kekensa ya fi na da. Yadda za a cire kuwa, ai wannan ba tambaya ba ce da za a yi wa mutumin loko. A loko suna da wani babban tanki na ruwan soda mai zafi. Duk ƙarfen jirgin da ya yi dauɗa, ko fenti ya tsufa a jikinsa, sai a ɗaure shi da sarƙa a tsoma, ya kwana, da safe a ciro shi fes kamar jariri. Na ji labarin tankin nan ya fi sau ɗari. Na san faɗinsa, na san zurfinsa, na san Baturen da ya taɓa jefa hularsa a ciki.

Soda kuwa ba sai an je kasuwa ba. Mama tana yin sabulu da matan Zumunta na cocinmu, akwai rabin buhu a bayan kicin. Ranar Juma'a da yamma muka kwance kayan, ina riƙe sifana yana ba ni darasi. Wuyan kai ya fita, hannuwan birki biyu suka fita, ƙafafun feda biyu suka fita. Sandar sirdi ce ta ƙi, ta manne a cikin jikin keken, ya buga ya murɗa ya yi mata wa'azi, ko gezau. Ya zuba mata kananzir ya ce ta jira, zai dawo kanta.

Mama ta fito ta tarar ya jawo buhun sodarta. Ta sunkuya ta ɗauki ƙafar feda ɗaya, ta auna ta a tafin hannu, ta ƙwanƙwasa ta da zobenta.

"Baban yara, wannan ba ƙarfe ba ne. Irin tukunyata ne. Soda yana cin irin wannan."

Ta ce abu na farko da ake koya wa mace ranar da ta shiga yin sabulu ke nan, ba a kaɗa soda a tukunyar alminiyom, sai a roba. Ta ba shi labarin matar dattijon cocinmu, wadda ta yi kunnen ƙashi ta kaɗa a tukunyar tuwonta, ta ɗaga tukunya gindin ya zauna a murhu. Baba ya saurara da irin haƙurin da likita ke yi wa mai ba shi shawarar sassaƙe. Sannan ya tambaye ta shekara nawa ta yi a loko. Ya ce ya san alminiyom tun kafin a yaye ta, alminiyom ba ya karɓar ruwan silba, wannan ƙarfen Turai ne na musamman, shi ya sa ba shi da nauyi. Mama ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta koma kan miyarta.

A nan dole in faɗi nawa laifin. A ajina akwai maganaɗisu da na ciro daga wata matacciyar rediyo, ina nuna wa yara abin da yake kamawa da abin da ba ya kamawa. Da na kawo shi, cikin ƙiftawar ido magana ta ƙare. Na buɗe baki na fara, na ce Baba ko za mu gwada, sai ya katse ni ya ce alli na sani, in tsaya a kan alli. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata to shi ke nan, injiniya, ga fili ga keke. Ban ɗauka abin zai kai inda ya kai ba, amma na san Mama ba ta ƙarya a kan tukunya, kuma na yi shiru don haushi. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Asabar da sassafe Baba ya sa tsohuwar rigar aikinsa shuɗiya, wadda yanzu maɓallin ciki ba ya haɗuwa, ya sa safar hannu ta roba. Aka kafa rabin duro a bayan gida, na tafasa ruwa na juye, ya dinga zuba soda da kwanon awo yana motsawa da sanda, hayaƙi na shiga mana hanci muna tari. Ya ɗaure kayan ɗaya ɗaya da waya, ya rataya a jikin itace ya gitta a bakin duron kamar mai banda. Suna taɓa ruwan sai ya fara tsuwa, kumfa na tasowa. Baba ya juyo ya nemi idon Mama.

"Kin gani? Ya fara aiki."

Ya fara kam. Baba ya yi lissafi, ya ce kayan jirgi kwana suke yi, waɗannan ƙanana ne, wuni ɗaya ya ishe su. Dama ranar akwai jana'izar wani dattijo a ƙauyenmu, saboda haka muka yi wanka, muka kulle gida, muka hau mota. Wanda ya san jana'izar dattijo a wajenmu ya san ba a gaggawa. Fasto uku suka yi wa'azi, ƙungiyar mawaƙa huɗu, sannan duk wanda ya taɓa gaisawa da mamacin ya tashi ya ba da shaida. Ana tsakiyar addu'a Baba ya duba agogo, ya sunkuyo ya raɗa min cewa yanzu haka silbar ta saki, saura ɗauraya. Fuskarsa cike da salama, har wata tsohuwa ta ce bangaskiyarsa ta ƙarfafa ta.

Sai bayan la'asar muka dawo. Tun daga ƙofar gida wari ya tare mu. Kajin Mama sun taru a can ƙarshen tsakar gida sun ƙi matsowa. Duron har lokacin da zafi, wata baƙar kumfa ta malalo ta gefe, ciyawar da ta taɓa duk ta ƙone. Baba ko rigar jana'iza bai cire ba, ya sa safar hannu, ya kama waya ta farko ya ja. Na ga hannunsa ya yi sama da sauri fiye da yadda ya shirya.

Hannun birki ne, ko in ce abin da ya rage. Ya sirance ya zama kamar ƙayar busasshen kifi, ya taɓa shi ya karye biyu. Ɗaya hannun kuwa waya kaɗai ta fito. Wuyan kai ya yi baƙi, ya rarake. Ƙafafun feda da suka fi kauri su ne suka tsira da siffarsu, amma duk ramuka, kamar gara ta yi wata uku a kansu, wurin da ake ɗaura feda ya cinye ya buɗe, ana hango mutum ta ciki. Da muka tsiyaye ruwan a rami, sai ga ruwan silbar a gindin duro, ɓawo ɓawo, yana ƙyalli abinsa, ko ƙwarzane babu. Soda ta bi ta tsagogin nan ta cinye abin da muke so, ta ajiye mana abin da muka tashi cirewa lafiya lau.

Mama ta ajiye jakarta da littafin waƙoƙi, ta zo ta leƙa. Ba ta ce ai na faɗa ba, Mama ba ta yin arha haka. Ta tambaya ne cikin ladabi ko ta kawo kwanuka a zuba, ko kuwa bai gama nuna ba.

Ni dai na yi dariya, ba zan ɓoye ba, har na riƙe bango. Da na ɗago sai na ga Baba ya zauna a kan turmi, da ƙafar feda a cinyarsa, ruwan soda na ɗiga a kan wandonsa na fita kunya yana huda shi, bai ma lura ba. Bai yi faɗa ba, bai nemi wanda zai ɗora wa ba. Nan take na daina dariya. Washegari a coci janareta ya ƙi tashi, matasa suna ta ja, Baba na zaune yana kallonsu, ko shawara ɗaya bai ba su ba. A nan na san abin ya kai masa har ƙashi, tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin kaina.

Ranar Litinin bayan an tashi makaranta muka sa gawarwakin a leda muka tafi wurin wani tsohon mai gyaran keke a bakin kasuwa, kusa da inda 'yan acaɓa ke tsayawa. Mutumin ya zazzage ledar a kan buhu, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko gobara aka yi. Baba ya ba shi labari a taƙaice, bai ambaci loko ba ko sau ɗaya, abin da ban taɓa gani ba. Mai gyaran ya ce alminiyom ne, kekunan gwanjo masu tsada duk haka suke, kuma babu wani ruwa da za ka jiƙa shi a gida ya ɗauke silba ya bar maka kayanka. Soda za ta ci, ruwan batir ma zai ci. Masu masana'anta da lantarki suke cirewa. A nan kuwa hanya ɗaya ce, samfefa. Ka fara da mai kaushi, ka bi da mai laushi, kana tsoma ta a ruwa, ka ɗaure hanci da ƙyalle don ƙurar ba ta da kyau a ƙirji, ka yi ta gurza har hannu ya gaji, gobe ka dawo. Ya ce aikin ba ya son ilimi, haƙuri yake so. Na kalli Baba ta gefen ido, shi kuwa yana kallon takalminsa.

Irin kayan babu su a Kafanchan, sai an aika Kaduna, kuma ba tabbas a samu kafin Asabar. Amma yana da na ƙarfe sababbi, masu ƙyalli, za su hau daidai. Ni nan take na ga mafita. Na ce a ɗaura su, a goge, a yi shiru. Tsoho mai gilashi, bayan shekara goma sha biyu, ina zai tuna kamannin hannun birki? Mai gyaran ma ya gyaɗa kai. Baba ya tattara kayansa ya mayar cikin leda ɗaya bayan ɗaya.

"Ajiya aka ba ni," ya ce, "ba musaya ba."

Samfefa kawai ya saya. Da muka koma gida sandar sirdin nan da ta yi taurin kai ta sha kananzir ta saki, ita kaɗai ta tsira, don ta ƙi jin maganar injiniya. Daga Talata zuwa Juma'a, kullum na dawo aiki, muna zaune a tsakar gida da kwanon ruwa a tsakaninmu, hanci a ɗaure kamar 'yan fashi, muna karɓa karɓa. Silbar tana da tauri, a ƙarƙashinta ma akwai wani jan ruwa kamar tagulla, shi ma sai an gurje. Yatsuna suka sule, alli ma da ƙyar nake riƙewa. Baba bai ba da darasi ko ɗaya ba. Sau ɗaya ma ya tambayi Mama ko toka za ta ƙara mata haske, ta ce a tankaɗe ta tukuna, ya tashi da kansa ya ɗauko rariya. Ranar Juma'a sandar ta fito sumul, da wani haske mai sanyi, wallahi ta fi kyau a kan lokacin da take da silba. Ga keke babu birki, babu feda, kai a hannu, amma wurin da ke ɓuya a ƙarƙashin mazaunai babu irinsa a duk jihar.

Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji ya fito da sanda, gemu ya yi fari fat, ya rame. Direban, wani ɗan uwansa, ya zauna a mota yana jira. Suka gaisa da Baba hannu biyu biyu. Aka shiga falo, Alhaji ya zauna a bakin kujera, mutumin da a da yake shiga har kicin ya buɗe tukunya. Ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa. Ya ce gari ya canza, Baba ya ce ya canza. Ya ce an sare mangwaron, Baba ya ce iska ce ta kayar. Mama ta kawo faten acca, ya yi cokali biyu ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin kamar in fasa ihu.

Can Baba ya yi min alama. Na turo keken, sannan na koma na ɗauko babban tiren Mama, wanda Baba ya jera kayan a kai tun da safe ya rufe da farin ƙyalle. Na ajiye a kan tebur. Baba ya miƙe tsaye kamar mai ba da shaida a coci, ya yaye ƙyallen, ya faɗi komai. Takin zamani, yoyon kwano, duro, soda. Ya ce matarsa ta gargaɗe shi ya ƙi ji. Ya ce shi ya yi da hannunsa, ba kowa ba.

Alhaji ya dubi tiren, ya dubi keken. Ya yi ɗan murmushi irin na baƙo.

"Ba komai. Ai tsohon abu ne. Allah ya saka da alheri da ka riƙe."

Ya fara laluben sandarsa, yana cewa kada ya makara ɗaurin aure. Na ga fuskar Baba ta canza. Ya shirya wa fushi, ya shirya wa gori, kwana bakwai yana shiri, amma bai shirya wa wannan ba. Ya dubi Alhaji ya ce:

"Ba komai? Na dafa maka keke kamar ganda, ka ce min ba komai? Ni ne za ka ce wa Allah ya saka da alheri? To ɗauki kayanka ka tafi. Da ma ka aiko direba."

Mama ta tsaya da jug ɗin ruwa a hannu. Alhaji ya daɗe yana kallon Baba, hannunsa a kan sanda, har na ɗauka tashi zai yi. Sai ya saki sandar ta faɗi. Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙafar feda ɗaya, ya juya ta, ya ɗaga ta saitin taga, ya rufe ido ɗaya ya leƙa Baba ta cikin ramin.

"Shekara talatin da biyar," ya ce a hankali, "ashe kai aka bar wa jiragen. Mu muna ta zagin mutanen kirki a kan jirgi ya daina zuwa."

Baba ya fashe da dariya. Ya zube a kan kujera, ya kama hannun rigar Alhaji ya riƙe gam, yana dariya hawaye na bin kumatunsa, ko sharewa bai yi ba.

"Ƙara," ya ce. "Ƙara wani zagin."

Alhaji ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya jingina bayansa da kujera sosai. Ya ce in je in gaya wa direba ya wuce wurin ɗaurin auren, a ɗaura ba da shi ba, yana da zagin shekara goma sha biyu a ciki kuma bai ko fara ba.